Rage ƙiba ba tare da ta dawo ba: yadda jiki ke aiki da abin da ke ɗorewa

Rage ƙiba mai ɗorewa shi ne mutum ya sauke wani ɓangare na nauyin jikinsa da gangan, sannan ya riƙe sabon nauyin na tsawon lokaci. Masu bincike kan ƙidaya mutum cikin waɗanda suka yi nasara idan ya rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, kuma bai mayar da shi ba har shekara guda. Saukewar ba ta cika gagarar mutane ba, duk wanda ya daure da yunwa na wata ɗaya zai ga sikeli ya yi ƙasa. Riƙewar ce mai wuya. Wani nazari da Rena Wing da Suzanne Phelan suka buga a Amurka a 2005 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke cika wannan sharaɗi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na shekarar 2022 sun nuna cewa manya miliyar 2 da rabi nauyinsu ya wuce ƙima, daga cikinsu miliyan 890 na ɗauke da ƙibar da ta kai matakin cuta. Adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Nijar na cikin ƙasashen da ke ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: tamowa na nan tana addabar yara, ƙiba kuma tana yaɗuwa a birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, musamman tsakanin mata. Akan samu gida ɗaya da uwa ke shan maganin hawan jini yayin da ake kai ɗanta awon tamowa a CSI.

Yadda ake auna ƙiba

Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi shi ne IMC: ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau tsawon. Matar da tsawonta mita 1 da santimita 60, nauyinta kilo 80, IMC ɗinta ya kai 31. Ƙasa da 18 da rabi rama ce, daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuma ƙiba ce da OMS ke ɗauka a matsayin cuta.

Wannan awo yana da rauni, domin ba ya bambanta tsoka da kitse. Ɗan kokowa mai damtse zai iya haura 25 ba tare da wani kitse na damuwa ba. Kuma ba ya faɗin inda kitsen ya taru, alhali wurin yana da muhimmanci. Kitsen cinya da ɗuwawu bai kai na tumbi haɗari ba. Na tumbi yana kewaye hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya. Akwai awo mai sauƙi da ba ya buƙatar sikeli: a yanke zare daidai tsawon mutum, a ninka shi biyu, a zagaya ciki a tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu. Idan zaren bai haɗu ba, faɗin cikin ya wuce rabin tsawon mutum, kuma alama ce ta a nemi awon jini da na sukari.

Ba a buƙatar komawa jikin samartaka kafin lafiya ta inganta. A wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3.234 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, an nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a cikinsu. Waɗanda aka ba maganin metformin kuwa, ragin bai wuce kashi 31 ba. Wani gwajin a Finland ya ba da sakamako kusan iri ɗaya. Ga matar nan mai kilo 80, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nufin kilo 4 zuwa 8. Maƙwabta ba lallai su lura ba, amma gwiwa da awon jini za su nuna.

Dalilin da ya sa nauyi ke dawowa

Saukin da ake gani a makon farko yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da mutum ya yanke tuwo da shinkafa, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita da fitsari, sikeli ya sauka da kilo biyu ko uku. Ranar da ya koma cin tuwo, ruwan ya dawo. Kitse na gaske a hankali yake tafiya: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7.700, shi ya sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ake ɗauka a matsayin sauka mai ma'ana, kuma ko wannan saurin yakan ragu bayan ƴan watanni.

Bayan haka sai jiki ya fara kare kansa, domin ba ya bambanta ragin abinci na ganin dama da yunwar shekarar fari. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda aka gano a 1994, da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa rumbu a cike yake. Ciki kuma yana fitar da ghrelin, mai tada yunwa. A birnin Melbourne na Ostireliya an sa mutum 50 cin abinci kaɗan ƙwarai na mako 10, suka rage kimanin kilo 13. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan haka leptin ɗinsu na ƙasa, ghrelin na sama, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Jiki yana kuma rage ƙarfin da yake ƙonawa. An bi diddigin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, inda suka zubar da kilo masu yawa cikin ƴan watanni. Bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da akasarin nauyin, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu. Nasu misalin ya yi tsanani, amma alƙiblar ɗaya ce ga kowa: wanda ya rage nauyi yana buƙatar abinci ƙasa da na dā, yayin da cikinsa ke neman fiye da na dā. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka raunin zuciyarsa ne.

Tunani da abinci

Tsananta wa kai yana taɓa hankali kamar yadda yake taɓa jiki. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minnesota, inda aka rage wa matasa 36 masu lafiya kusan rabin abincinsu na mako 24. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halin da suka shiga: hirarsu ta koma ta abinci, wasu suka riƙa tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi da ƙuncin rai. Da aka sake su, da yawa suka riƙa ci har ya wuce ƙoshi, kitsen jikinsu ya haura na farko.

Wani gwaji na 1975 da Peter Herman da Deborah Mack suka yi ya nuna wani tarkon. An ba wasu ɗalibai mata abin sha mai madara da sukari, sannan aka ajiye musu askirim su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, tunda sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka sha sai suka ci fiye. Tunanin shi ne: tunda yau ta ɓaci, bari ta ɓaci gaba ɗaya, a sake farawa ranar Litinin. Duk wanda ya karya dokarsa da yanka ɗaya na kilishi a wurin suna, ya ƙare da faranti biyu na shinkafa da lemun kwalba, ya san wannan tunani. Yanka ɗayan ba shi ne ya yi ɓarnar ba.

Shi ya sa masu ba da shawara kan abinci ke nisantar raba shi gida biyu, na kirki da na laifi. Doka mai sassauci, irin ta rage yawa da rage yawan lokuta, ta fi haramcin dindindin daɗewa. Haka ma ɗaukar motsa jiki a matsayin tarar abin da aka ci jiya: mutum ba ya daɗewa a kan abin da yake ji kamar horo ne. Wani bincike na Phillippa Lally a Landan a 2009 ya gano cewa sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu fiye da 250, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Gori ba ya rage ƙiba. Bincike a Amurka da Ingila ya nuna cewa waɗanda ake muzanta wa saboda jikinsu sun fi ƙara nauyi daga baya. Mijin da ke yi wa matarsa ba'a a gaban baƙi, ko uwar da ke kiran ƴarta da sunan zolaya, suna tura ta zuwa cin abinci a ɓoye. Damuwa da ƙarancin barci suna da nasu hannun. Wanda ke kwana ƙasa da awa bakwai yakan fi jin yunwa washegari, kuma abu mai zaƙi da mai maiƙo yake nema.

Ƙiba a idon jama'a

A nan mai son rage nauyi yana fuskantar abin da littattafan Turai ba su cika magana a kai ba: jama'a ba sa ganin ƙiba a matsayin matsala. Tumbin alhaji alamar wadata ne. Amarya da ta yi jiki, an ce ta samu hutu, mijinta na kula da ita. Wadda ta rame bayan aure kuwa sai dangi su fara tambaya ko lafiya, ko kishiya ce, ko abinci ne babu. Tun zuwan cutar sida, rama ta ƙara ɗaukar zargi. A ƙasar Zabarmawa an san al'adar hangandi, inda mata ke ɗura wa kansu abinci don su yi jiki, kuma masaniyar al'adu Rebecca Popenoe ta rubuta littafi a 2004 kan yadda Larabawan Azawak ke ƙibantar da ƴan mata da madara da gero kafin aure.

Al'adar ta samu sabon kayan aiki a teburin masu tallar magani. Ƙwayoyin dexamethasone da cyproheptadine ana shan su don a yi ƙiba. Na farko maganin kumburi da asma ne mai ƙarfi. Idan aka daɗe ana sha, fuska ta kumbura, ciki da bayan wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsage, ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau. Wadda ta daɗe a kansa ba ta daina shi rana ɗaya, domin jiki ya dakatar da yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya kan iya kai ta ga suma ko mutuwa. Likita ne ke rage shi mataki mataki.

Ta ɗaya gefen kuma akwai shayin rage tumbi da ake tallatawa a TikTok da WhatsApp. Da yawansu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan inda yake. An sha gano sibutramine ɓoye a cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ɗamarar matse ciki da sa leda a jiki don a yi gumi su ma ba sa narkar da komai.

A kofi da kwano

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne abin sha, domin sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abincin da aka tauna. OMS ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana ɗauke da giram 35. Shayin fada ma abin lissafi ne: idan kowane ƙaramin kofi ya ɗauki ƙwaya biyu ta sukari mai giram 5, aka sha zagaye uku da safe, uku da dare, an kai giram 60 kafin a taɓa koko, zoɓo ko fura. Ba dole ba ne a bar fada. Tsayawa a kofi na farko, ko rage sukarin kaɗan kaɗan har harshe ya saba, ya fi yiwuwa.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi ko nama maras kitse bai wuce 4 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. A gidaje da yawa ana auna darajar miya da man da ke yawo a kanta, kuma ana zuba shi daga kwalba kai tsaye. Auna shi da cokali kaɗai kan rage abin da gida ke ci ba tare da kowa ya tashi da yunwa ba, ya kuma rage kuɗin cefane.

Abincin gargajiya ba shi ne abokin gaba ba. Gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba suna da dusa mai riƙe ciki. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, wanda ke ƙosarwa fiye da farar shinkafa ko taliya. Dambu da zogale, kopto, rama, tafasa, yakuwa, kuɓewa, da kabeji, karoti da tumatir na noman rani duk suna cika ciki da kalori kaɗan. OMS na ba da shawarar giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Abin da ya canja a birni shi ne yawan farin burodi da mayonez, soye-soye, biskit da lemun kwalba. A wani gwaji da aka buga a 2019, Kevin Hall ya zaunar da mutum 20 a wata cibiyar bincike a Amurka, ya ba su abincin masana'anta na mako biyu da wanda ba a sarrafa ba na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A kan na masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da sun lura ba.

Cin abinci a kwano ɗaya yana hana mutum sanin iya abin da ya ci, kuma ware wa kai girki daban abu ne da gidaje kaɗan za su iya. Abin da ke yiwuwa shi ne ƙara ganye da wake a tukunyar kowa, rage girman loma, ci a hankali, da janye hannu idan yunwa ta tafi ba sai ciki ya yi nauyi ba.

Motsa jiki

OMS ta ce babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa. Tafiyar rabin awa ga mai kilo 80 ba ta ƙona abin da ya wuce gwangwanin lemu ɗaya sosai ba. Herman Pontzer ya auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu yawo a daji kullum, ya tarar cewa kalorin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba idan aka yi la'akari da girman jiki.

Amfaninsa yana wurin riƙe nauyin da aka sauke, da kare tsoka, da saukar da sukari da hawan jini ko da sikeli bai motsa ba. A wata rajista da aka buɗe a Amurka a 1994, wadda ta tara mutum fiye da 10.000 da suka rage aƙalla kilo 13 suka riƙe, yawancinsu suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, galibi tafiyar ƙafa, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako.

A Yamai masu tafiya da gudu kan taru a kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ko dab da magariba ne lokacin da ya dace, da ruwa a hannu. Sauka daga kabu-kabu kafin a isa, zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa, duk suna shiga lissafi. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida na minti 10 bayan kowane cin abinci, abin da ke taimakawa wajen rage hawan sukari bayan ci.

Azumi

Nazarce-nazarce kan watan Ramadan sun nuna cewa masu azumi kan rage kilo ɗaya zuwa biyu, sannan su mayar cikin ƴan makonni bayan sallah. Wasu ma ƙaruwa suke yi, saboda ƙosai, kunu mai sukari, lemu da soyayyen nama da ake jerawa daga buɗa baki zuwa sahur.

Magani, da waɗanda bai kamata su fara da kansu ba

Allurar semaglutide, da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ta sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi cikin mako 68 a gwajin da aka buga a 2021. Waɗanda suka daina ta sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Tana da tsada, tana buƙatar firiji da kulawar likita, kuma a Yuni 2024 OMS ta yi gargaɗi kan jabunta da ke yawo a kasuwa.

Mai juna biyu ba ta rage nauyi da gangan, mai shayarwa kuma ba ta tsananta ragin abinci. Yara da matasa masu girma ba a sa su yunwa, abincin gidan ake gyarawa. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin saukar da sukari yana buƙatar likita ya daidaita masa magani kafin ya rage ci, in ba haka ba sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa sosai. Haka mai ciwon ƙoda ko zuciya. Wanda ke ci har ya kasa tsayawa sannan ya jawo amai ko ya sha maganin gudawa yana da cutar da ake yi wa magani.

Rama da ta zo ba tare da an neme ta ba kuwa ba nasara ba ce. Idan mutum ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara bai canja komai ba, musamman tare da yawan ƙishi da fitsari, tari mai daɗewa, zazzaɓi ko gumin dare, ana bincikar ciwon sukari, tarin fuka, sida, ciwon maƙoƙo ko kansa.